Shirin jaz mai haɗa kiɗan ƙasashe: ya ake jera shi kada ya zama hatsin bara?

Mai_Faifai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san aikin tsara kiɗa a rediyo ce. A ce an ba mutum awa biyu a mako, daren Asabar daga ƙarfe 10 zuwa 12, a tashar FM da take yaɗawa ta intanet kuma, ya yi shirin jaz da zai haɗa na Amurka da na Kuba, Habasha, Afirka ta Kudu, ƙasashen Larabawa, Indiya, har da namu na gida. Ya zai jera faifan yadda mai saurare ba zai murɗa ya bar tashar ba? Shawarar da na fi ji ita ce a raba lokacin ƙasa-ƙasa, kowace ƙasa minti 20. Me kuka gani?

Baban_Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo kan ƙasashe, fara lissafa mintocin da ke hannunka, don awa ta rediyo ba minti 60 ba ce. Cire 5 na taƙaitattun labarai, cire 6 na talla kashi biyu, cire 1 na taken tasha, cire kamar 6 na maganarka. Saura 42. Kiɗan jaz a tsakaice yana cin minti 6, ka ga faifai 7 ke nan a awa, 14 a dare ɗaya. In kana so kada ka maimaita komai cikin wata uku, wato mako 13, kana buƙatar faifai 182 da ka saurara da kunnenka daga farko har ƙarshe. Ka tara 250 don ka sami na zaɓe.
Minti 20 kowace ƙasa kuwa faifai uku ne kacal, kuma in ka ɗauko "Mannenberg" na Abdullah Ibrahim, wanda ya haura minti 13, ya cinye rabon Afirka ta Kudu shi kaɗai.

Hajiya_Mai_Shiri:
Ni rabon ƙasa-ƙasar nan ne ban yarda da shi ba sam. Kunne bai san taswira ba. Mai saurare yana kwance da rediyo a gefen matashi, ba ruwansa da cewa yanzu an bar Bamako an nufi Havana. Abin da yake ji shi ne bugu ya canza ko bai canza ba, sauti ya yi kaushi ko ya yi laushi. Don haka kowane faifai biyu da za su bi juna, a sami igiya ɗaya da ta ɗaure su, wadda kunne zai kama ba sai an yi bayani ba: ko saurin bugu ɗaya, ko kayan kiɗa iri ɗaya, ko salon kari ɗaya, ko makaɗi ɗaya da ya buga a duka biyun.
Misali da kowa zai iya gwadawa. Sa "Song for My Father" na Horace Silver, mutumin da mahaifinsa ɗan tsibiran Kef Bade ne, kuma bugun kiɗan na Barazil ne. Yana ƙarewa ka sa "Yekermo Sew" na Mulatu Astatke. An tashi daga Amurka an sauka Adis Ababa, amma inuwar na farkon tana cikin na biyun, mai saurare ba zai ji an yi tsalle ba.

Kalangu77:
Hajiya ta gama magana. Rabon ƙasa-ƙasa darasin labarin ƙasa ne, ba shirin kiɗa ba.

Ɗan_Zazzau:
A yi hattara dai, kada a zubar da shawarar Mai_Faifai gaba ɗaya. Sabon mai saurare yana son inda zai dafa. In komai na gudana ba alama, zai ji daɗi amma ba zai riƙe sunan kowa ba, mako mai zuwa kuma ba shi da dalilin dawowa. Tsakiya ita ce: a bi tsarin Hajiya a yawancin shirin, amma a keɓe minti 15 a farkon awa ta biyu ga gari ɗaya ko mutum ɗaya. Wannan makon Adis Ababa ta ƙarshen shekarun 1960, mako mai zuwa haɗuwar Dizzy Gillespie da Chano Pozo a 1947, wani makon Randy Weston da zamansa a Tanja ta Maroko. Mutane su san ƙarfe 11 da minti 5 akwai wannan zangon.

Hajiya_Mai_Shiri:
Wannan na karɓa, Ɗan_Zazzau. Zango ɗaya mai suna, ba shida ba.

Injiniya_FM:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren na'ura, don yawancin shirye-shiryen irin wannan a nan suke mutuwa, ba wajen zaɓen faifai ba.
Na farko, ƙarar faifan ba ɗaya ba ce. Wanda aka ɗauka a 1959 da wanda aka ɗauka a 2017 in ka jera su yadda suke, na biyun zai firgita mutum. A daidaita su duka tun a ma'ajiya. Ma'aunin gidajen rediyon Turai, EBU R128, shi ne -23 LUFS, wato ma'aunin ƙarar faifai gaba ɗayansa, ƙololuwa kuma kada ta wuce -1 dBTP, wato ma'aunin inda sauti ya fi tashi. A auna faifan gaba ɗayansa a ɗaga ko a sauke, ba a matse shi ba.
Na biyu, na'urar matse sauti da ke gaban taransimita. Yawancin tashoshinmu an saita ta ne don waƙoƙin zamani masu ƙara ɗaya daga farko har ƙarshe. Jaz kuwa yana sauka ƙasa sosai ya sake tashi. Da mai bes ya fara kiɗa shi kaɗai, na'urar za ta ɗauka sauti ya yi ƙasa, ta jawo shi sama tare da shuuu ɗin tsohon tef, ganga na dawowa kuma ta danne komai. A yi wa shirin saiti nasa: sakin ya zama a hankali, a rage yankan ƙololuwa, a sa mata iyakar da ba za ta riƙa jawo shiru sama ba. Irin waɗannan na'urori, Optimod da Omnia da Stereo Tool, duk suna karɓar jadawali, su canza saiti da kansu ƙarfe 10 su koma na da ƙarfe 12.
Na uku, mai gadin shiru, wato na'urar da ke lura in tasha ta yi shiru. In an saita shi a daƙiƙa 10, wani sanyin fiyano zai sa ya zaci tasha ta ɗauke, ya jefo waƙar ko-ta-kwana a tsakiyar shiri. A kai shi daƙiƙa 25 zuwa 30, a kuma sauke matakin da yake ɗauka a matsayin shiru.

Bakatsiniya:
Injiniya, -23 ɗin nan na ma'ajiya da iska ne. Wanda ke saurare ta waya a cikin hayaniya ba zai ji komai ba in aka tura masa haka. Reshen intanet a kai shi wajen -16, da tasa na'urar daban, kada a ɗebo daga bayan ta FM, don waccan an riga an gyara ta ne saboda taransimita.

Injiniya_FM:
Haka ne, 'yar'uwa, na tsallake wannan. Reshe biyu, saiti biyu.

Ɗan_Damagaram:
Tunda an zo intanet, a tuna da kuɗin data. MP3 a 128 kbps yana cin kusan MB 58 a awa, shirin awa biyu MB 115. AAC a 64 kbps rabin haka ne, kusan MB 29 a awa. A buɗe hanya biyu a manhajar yaɗawa ta intanet, Icecast ko AzuraCast, mai saurare ya zaɓa. Amma in za a sauka zuwa 64, dole asalin faifan ya zama WAV ko FLAC, wato wanda ba a rage masa inganci ba. Wanda aka sauko da shi daga YouTube an riga an matse shi sau ɗaya, in aka sake matsewa, faifan ƙarfen mai ganga sai ya koma kamar ana watsa ruwa a kwano.

Malam_Sarewa:
Mu koma kan kiɗan. Akwai wuraren da ba a haɗa bakin faifai biyu ko kusa, kuma manhaja ba ta san su ba.
Kiɗan Larabawa yana tafiya ne bisa maƙam, wato tsanin sautukansu, kuma wasu maƙamai, irin Rast da Bayati, suna da sautukan da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu. Shi ya sa kakakin Ibrahim Maalouf ke da maɓalli na huɗu, wanda mahaifinsa Nassim ya ƙirƙiro don ya kai ga waɗannan sautukan. In ƙarshen kiɗan ud, wato molon Larabawa, yana sauka kana shigo da fiyano a kansa, na daƙiƙa uku ɗin nan kunne zai ji kamar an yi kuskure. Bari ya mutu gaba ɗaya, ka bar shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ko ka sa gajeren taken tasha na murya zalla, sannan na gaba ya shigo.
Haka bugu. Jaz ɗin Amurka na gargajiya yana rangaji, dogo-gajere dogo-gajere. Na Kuba da Afrobeat a miƙe suke, bisa ƙa'idar sanduna ko ƙararrawa. Ko da saurinsu ɗaya, in suka hau kan juna sai su yi karo. Gadar da ta fi sauƙi tsakaninsu ita ce kiɗa mai bugu shida ko goma sha biyu. "Afro Blue" na Mongo Santamaría, 1959, uku ne a kan biyu, daga shi za ka iya fita zuwa kiɗan al'ummar Ginawa ta Maroko, ko bugun cikcika na Habasha, ko ka koma wurin John Coltrane wanda shi ma ya buga kiɗan.
Na Habasha kuma tsaninsu mai hawa biyar ne: tizita, bati, ambasal, ancihoye. Kunnen Bahaushe ya saba da hawa biyar, shi ya sa nake ganin Mulatu ya fi dacewa da buɗe shiri a wajenmu fiye da bibop, salon jaz ɗin Amurka mai gudu.

Zongo_Kumasi:
Malam Sarewa, Allah ya ƙara sani. Ƙari a kan gadoji: hailaif, kiɗan rawa na Gana, shi ma gada ne. Guy Warren na Gana, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya fitar da "Africa Speaks, America Answers" tun 1956, shekarar da Louis Armstrong ya zo Akra. Wanda ke neman hanyar shiga daga suwing, wato rangajin jaz ɗin Amurka, zuwa Afirka ta Yamma ya duba nan.

Kalangu77:
To ina namu? An zaga duniya ba a ambaci Shata ba. Kalangu yana magana, Shata yana ƙirƙirar baiti nan take, 'yan amshi na karɓa. In wannan ba jaz ba ne, mene ne jaz?

Ɗan_Zazzau:
Ƙanena, Shata ba ya buƙatar a ba shi aron riga. Kiɗansa kiɗan Hausa ne mai tsarinsa, kuma in ka ce wa dattijo a Funtuwa Shata ɗan jaz ne zai yi maka dariya. Kamanni akwai, amma kamanni ba dangantaka ba ce ta kai tsaye. A sa shi a shirin da sunansa na gaskiya. Faifai ɗaya a awa, a ce ga kiɗan gida, ku saurari yadda kalangu ke bin karin harshe, sannan a biyo da abin da ke da irin wannan gangar. Akwai "The African Beat" na Art Blakey, 1962, inda Solomon Ilori ɗan Najeriya ya buga gangar Yarbawa mai magana. Kunne zai haɗa su da kansa.
In kuma ana neman alaƙa ta haƙiƙa da ƙasar Hausa, ga ta: Yusef Lateef, wanda shi ma yana cikin wancan faifan na Blakey, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. Faifansa "In Nigeria" daga wannan zaman ya fito. Wannan kaɗai ya isa zangon minti 15 ɗin da na faɗa.

Kalangu77:
Na ji, Yaya, amma faifai ɗaya a awa ya yi kaɗan. Ƙa'idar NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, ita ma kaso mafi rinjaye take ba kiɗan gida.

Baban_Situdiyo:
Wannan magana ce da za a zauna da shugaban sashen shirye-shirye a kanta tun kafin a fara, a ga yadda shirin zai shiga lissafin tashar. Kuma kiɗan gida ba Shata da Ɗan Maraya kaɗai ba ne. Fela ɗan gida ne, Tony Allen ɗan gida ne, kuma a 2017 kamfanin Blue Note ya fitar masa da faifan girmama Art Blakey da kuma "The Source". Matsalar Fela tsawo ce da kalmomi. Yawancin kiɗansa ya wuce minti 10, rabin farko kayan busa ne zalla kafin murya ta shigo. Ana iya sa rabin farkon a fita a inda aka koma kan ganga, amma a yanka shi tun a situdiyo, a saurara, kada a bari sai ana kan iska a riƙa lalube.

Bakatsiniya:
Batun kalmomi ya fi Fela faɗi. Shirin da ke ɗauko waƙa cikin Amharik, Fotugis, Yarbancin Kuba, Larabcin Maroko, dole a san me ake faɗa kafin a sa. Wasu na soyayya ne tsirara, wasu na bauta ne. Waƙoƙin Ginawa na bikinsu na dare da ake kira lila kiran iskoki ne, gangunan bata na Kuba na addinin Santeriya ne. Ba cewa na yi a hana ba, amma mai gabatarwa ya sani, ya zaɓi wanda aka yi don dandali, kuma kada ya sa irin wannan dab da shirin wa'azi ko cikin azumi. A ma'ajiya a yi wa kowane faifai mai murya alama uku: an duba, ba a duba ba, ba na iska ba. Wanda ba a duba ba manhaja kada ta taɓa shi.

Ɗan_Damagaram:
Ginawa da aka ambata, su ma akwai zare tsakaninmu. Zuriyar mutanen da aka kai Arewacin Afirka ne daga kudu da Sahara, kuma a sitambali, takwaran kiɗansu na Tunis, har yanzu akwai kalmomin Hausa da Barbarci a cikin waƙoƙin. Gimbiri, molon Ginawa mai tsirkiya uku, in ka sa shi bayan kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko bayan sarewar Yacouba Moumouni na ƙungiyar Mamar Kassey ta nan Nijar, zama yake yi daram.

Uwar_Ɗaki:
Duk kun yi maganar faifai, ba wanda ya taɓo bakin mai gabatarwa, alhali shi ne ke kashe shirin jaz a ko'ina. Ya karanta tarihi ya ƙoshi, sai ya zo ya juye wa mutane minti biyar. Kada magana ta wuce daƙiƙa 60 zuwa 90. Faifai biyu ko uku a jere, sannan a dawo a faɗi sunayensu daga na ƙarshe zuwa na farko, don na ƙarshen ne ke kunnen mutum. Bayani ɗaya tak a kowace shiga, kuma ya zama abin da za a saurara: ku kasa kunne, bugun nan tara ne, biyu-biyu-biyu-uku, Dave Brubeck a titin Istanbul ya ji shi. Wannan ya fi a lissafo sunan mutum bakwai da shekarar haihuwarsu.
Kada a yi magana a kan mai busa yana tsakiyar nasa. In dole ne, a yi a kan gabatarwar faifan kafin jigon ya shigo.
Sunaye kuma a rubuta yadda ake furta su da Hausa a katin kowane faifai. Willis Conover na Muryar Amurka ya yi shekara arba'in yana shirin jaz tun daga 1955, kuma abin da masu saurarensa a ƙasashen da ba a jin Turanci suka riƙe shi ne yadda yake magana a hankali, kalma-kalma.

Mai_Faifai:
Na gode ƙwarai. To in an koma manhaja, rukuni nawa za a yi? Kuma a bar ta ta zaɓa ko a jera da hannu?

Baban_Situdiyo:
Shirin awa biyu a mako da hannu ake jera shi. Manhaja irin RadioDJ ko Rivendell ko mAirList aikinta ta riƙe maka ma'ajiya ta kuma tuna maka ranar da ka sa abu. Rukuni biyar sun isa: ginshiƙai, wato sanannun da kowa zai iya kamawa, na Afirka, na Latin, na gabas, Larabawa da Turkiyya da Indiya, sai sababbin fitowa. Ban da rukuni, kowane faifai a rubuta masa sauri daga 1 zuwa 5, kayan kiɗan da ke gaba, mai murya ne ko zalla, da yadda yake ƙarewa, a tsaye ko a hankali. Ka'idoji: kada saksofon ya jagoranci faifai uku a jere, kada a tashi daga sauri 1 zuwa 5 kai tsaye, mai murya ɗaya cikin kowane uku, bayan talla kullum ginshiƙi. Wuraren shiga da fita a sa su da hannu, don in ka bar manhaja ta nemo da kanta, za ta yanke wutsiyar fiyano tun ba ta mutu ba, ko ta bar tafin 'yan kallo na minti guda.

Hajiya_Mai_Shiri:
"Bayan talla kullum ginshiƙi" ɗin nan ina da ja. Ginshiƙin wa? Wanda aka sani a Niyok ba shi aka sani a Kano ba. A wajenmu "Soul Makossa" na Manu Dibango ko "Grazing in the Grass" na Hugh Masekela sun fi kama kunne fiye da Charlie Parker. Kowace tasha ta gina nata rukunin ginshiƙan daga abin da mutanenta ke kira suna tambaya.

Injiniya_FM:
Abu ɗaya da na manta. A saurari kowane tsohon faifai a mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, kafin a sa shi. Sitiriyon farkon shekarun 1960 sukan ajiye kakaki can hagu, ganga can dama, kuma wasu kwafe-kwafen da aka yi daga faifan garmaho wayoyinsu a juye suke. A ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya, irin wannan juyin yana cinye abin da ke tsakiya, galibi bes da murya. Maɓallin mono na kan mikisa, daƙiƙa goma ya isa a gane.

Zongo_Kumasi:
Haƙƙin mallaka fa? A Gana ƙungiyar GHAMRO ce ke karɓar kuɗin haƙƙin makaɗa.

Bakatsiniya:
A Najeriya tasha kan karɓi lasisi ne daga ƙungiyar karɓar haƙƙi da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta amince da ita, irin MCSN, a Nijar kuma BNDA. Aikin mai shiri shi ne ya ajiye takardar abin da ya sa: suna, mawallafi, kamfani, tsawo, lokaci. A duba ko lasisin ya haɗa da intanet, don sau da yawa na iska ne kawai. Ajiye shirin a shafi don a saurara daga baya kuma wani izini ne daban. In sabar, wato kwamfutar da ke yaɗa shirin, tana Amurka ƙarƙashin lasisinsu na bai-ɗaya, akwai iyaka: cikin awa uku kada a wuce faifai 4 na mutum ɗaya, ko 3 daga kundi ɗaya. Zangon mutum ɗaya na Ɗan_Zazzau sai a lissafa shi da wannan.

Kalangu77:
Har yanzu dai ban gamsu da ɗaya a awa ba. In an sa Shata ƙarfe 10 da rabi, me zai hana kukuma ko goge a awa ta biyu kusa da ud, tunda duk tsirkiya ce ba ta da matakala?

Malam_Sarewa:
Goge kusa da ud zai zauna, amma ya fi zama kusa da biyolin, wato gogen Turawa, yadda Indiyawa ke kaɗa shi, irin na L. Shankar a ƙungiyar Shakti, don dukansu jan sauti suke yi daga wani mataki zuwa wani ba tare da yankewa ba. Sai dai yawancin tsofaffin ɗaukar goge daga kaset suke, sama ta dushe. A tsabtace da sauƙi, a yanke gurnanin ƙasa da 40 Hz, a bar shuuu ɗin yadda yake, don in aka matsa wajen goge shi muryar gogen ce ke tafiya. Kuma a sa shi kafin Shakti, ba bayansa ba, saboda daga dusasshe zuwa mai haske kunne na karɓa, akasin haka kuwa sai a ji kamar batir ya yi sanyi.

Mai_Faifai:
Malam Sarewa, in gogen ya zo kafin Shakti, me zai zo kafin gogen? Zangon ƙarfe 11 da minti 5 ne ke gabansa, kuma makon farko Lateef nake so a sa a wurin.